Wasan Aljanu Ne, Baffa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wannan Asabar ba, ko da na so in manta, don har yau in na bi ta layinmu a Ƙofar Dumi akwai tsofaffin da ke amsa gaisuwata suna karanta wani abu a ƙasan leɓe. A ranar na rasa auren da na fi so a rayuwata. Ba wanda ya yi min zagon ƙasa, ba wanda ya kai gulmata. Ni na yi wa kaina da hannuna, da farantin yashi da jan ƙyalle.

Bari in faro daga tushe. Lokacin da na je bautar ƙasa a kudu, na zauna ɗaki ɗaya da wani saurayi mai son karance-karance, shi ya koya min wani wasa da ake yi a kan tebur. Ba karta ba ce, ba dara ba ce. Mutum ɗaya ne yake ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya a cikin labarin ya zama shi. Mai labari ya ce, "Ga ku a bakin kogo, kun ji gurnani a ciki, me za ku yi?" Wani ya ce zai kutsa da takobi, wani ya ce shi dai bishiya zai hau. Sai a jefa dayis irin na ludo, shi zai nuna ko abin da ka yi niyya ya yiwu ko ka sha ƙasa. Iyakar wasan ke nan. (Na san abin da kake cewa a ranka, mai karatu: ƙatti da gemu suna tatsuniya da rana tsaka. Yi haƙuri, an riga ka faɗa, kuma wanda ya faɗa ya fi ka iya baƙar magana.)

Da na dawo Bauchi na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Tirwun, sai kewar wasan ta dame ni. Na jawo abokaina biyu ciki. Akwai Bulus, mutumin kudancin jiha da muka yi sakandare tare, wanda yake aikin awon filaye, mutum mai kirki da bakinsa yake riga hankalinsa isa ko'ina. Akwai Sani Dogo, telan layinmu, wanda da Allah ya yi shi a wani gari da ɗan fim ya zama. Duk Asabar bayan la'asar muna ɗakina, wanda yake jikin zauren gidanmu.

Labaran da na koyo a can na dodannin Turawa ne masu sunayen da harshe ba ya iya juyawa, sai na zubar da su na ƙirƙiro namu. Na gina wani birni a kaina mai ganuwa da ƙofofi kamar tsohon garinmu, na kewaye shi da kufai cike da baƙaƙen aljanu, shugabansu shi ne Sarkin Kufai. Masu tsaron birnin kuwa su ne 'Yan Jan Ɗamara, rundunar mayaƙa da ba su da wani aiki sai farautar aljanu. Duk wanda zai shiga cikinsu sai ya ɗaura jan ƙyalle a ƙugu, ya rantse cewa ba shi da gida sai ƙofar gari, ba shi da mata sai takobinsa. Akwai masu baka a cikinsu, akwai masu bin sawu, akwai waɗanda aljani ya taɓa shafa suka warke, don haka suna jin warinsa daga nesa. Bulus da Dogo su ne mayaƙan, ni ne mai labari, wato ni nake yin muryar kowa, tun daga mai sayar da goro har Sarkin Kufai kansa. Ni na ƙago duk wannan, kuma wallahi har yau ina ɗan alfahari da shi, wanda shi ma wani ciwon ne daban.

Matsalarmu ta farko Inna ce, mahaifiyata. Ranar da ta leƙo ta ga dayis a kan tabarma, ta ce ba za a yi mata caca a gida tana raye ba. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, ta kwashe su ta watsa a kwata. Dogo ne ya samo mafita. Yana da wuri, irin kuɗin mutanen da, a shagonsa, wanda yake ɗinka wa 'yan makaranta a jikin kayan rawar gargajiya, sai ya ɗebo mana. In an watsa, a duba waɗanda suka buɗe baki sama da waɗanda suka kife, hukunci ya fita. Daga ranar kuma muka koyi sakin labule.

Taswirar birnin a babbar takarda na zana ta, har da launi. Wata rana na manta ƙofa a buɗe, akuyar Inna ta shigo ta cinye rabin birnin, har da ƙofar gabas. Bulus ya dubi abin da ya rage ya ce, "Kawo tire mu sa yashi. Akuya ba zai ci yashi ba." Muka samo babban faranti muka cika shi da rairayi mai laushi. Ina zana ganuwa da yatsa, ina ɗiga ɗigo-ɗigo a inda aljanu suke laɓe, in an gama yaƙi in shafe da tafin hannu in sake. Garken akuyoyin kuma yana bayan tagata, in damina ta sauka wari ba ya barin mutum ya yi tunani, don haka muke kunna turaren wuta a kasko. Dogo ya yanko mana jan yadi kowa ya yi ɗamara, don a ji daɗin wasa. Ga kuma wata baƙar kazar Inna da ta zaɓi bayan ƙofata ta yi kwanci, na kore ta na gaji na bar ta.

Ka lura, kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da dalilinsa mai kyau. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu ja da baya mu kalle su a haɗe, da idon wanda ya shigo daga waje.

Sai Safiya. Malamar lissafi ce a makarantar da nake koyarwa, gidansu yana Ƙofar Ran. Dariyarta ce ta fara kama ni, irin dariyar da take farawa daga ido kafin ta iso baki, kuma dariyar nan ita nake tsoro fiye da komai. Ba ta raga wa kowa. Wani malami ya taɓa zuwa da sabuwar hula mai tsini, ta kalle shi sau ɗaya ta ce Allah ya sa a yi ruwa lafiya kada tsawa ta gane shi, bai ƙara sa hular ba. Yanzu ni zan tsaya gaban wannan in ce mata duk Asabar ina zama aljani a gaban tela da mai awon fili? Na ce a raina ba da ni ba.

Ta sha tambayata. "Wai kai me kake yi ne ranar Asabar da ba a ganinka, ko waya ba ka ɗauka?"

"Muna da wani ɗan zama ne," in ce.

"Zaman me?"

"Wani aiki ne da na koyo a kudu. Ba abin da ake faɗa wa kowa ba ne."

Har da rage murya nake yi in na faɗa, ina wani lumshe ido, don in zama babban mutum mai sirri. (Allah ya shirye ni. In akwai wanda ya cancanci mari a wannan labari, to mai lumshe idon nan ne.) Ita kuma sai ta taɓe baki ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," mu wuce wurin.

Soyayya kuwa ba ta barin mutum ya yi abu da hankali. A cikin labarinmu na sa Sarkin Kufai ya sace 'yar mai tsaron ƙofa, kuma ba sai na faɗa maka sunan da na raɗa mata ba. Dogo yana ɗinka mana 'yan tsana da ƙyallayen shago, kowace kamar tsawon yatsa, su ne jarumanmu a kan farantin. Ya ɗinka mata tata. Bulus kullum yana rikita ta da mai bin sawu, sai na ɗauki biro na rubuta SAFIYA a ƙirjinta da manyan baƙaƙe. Na naɗe ta da baƙin zare a matsayin sarƙar aljani, na binne ta zuwa ƙugu a cikin yashi, can ƙuryar kufai. Shirina shi ne 'Yan Jan Ɗamara su ceto ta dab da bikinmu, bayan an kawo ta ɗakina in ba ta 'yar tsanar in ba ta labari, ta yi dariyarta a lokacin da ba ta da wurin gudu. A ganina wannan ita ce ƙarshen soyayya.

A lokacin magana ta yi nisa. Magabatana sun je an gaisa, iyayenta suka ce a ba su lokaci su yi bincike kamar yadda aka saba. Aka ɗora aikin a wuyan Baffa Hammadu, ƙanen mahaifinta, tsohon malamin Arabiyya wanda aka sani da cewa ba ya aiki da an ce. Da na ji haka na shiga gyaran hali kamar ana gobe hisabi. Sahun farko a masallaci, gaisuwa har ƙasa, ko a tsakar gida na daina yawo da gajeren wando. Na tabbata duk wanda Baffa zai tambaya a layinmu alheri zai faɗa, kuma alherin suka faɗa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne mutumin zai ce bari ya leƙa ya ga yaron da idonsa, ba tare da ya aiko ba.

Ranar kuwa ranar babban yaƙi ce, 'Yan Jan Ɗamara sun isa fadar Sarkin Kufai. Inna ta tafi suna, gidan ba kowa, mun samu sake. An yi ruwa da safe, garke yana ta aikinsa, don haka na cika kasko da turare har ɗakin ya yi duhu da hayaƙi. Dogo ya ce jaruminsa zai tunkari Sarki ido da ido. Ya watsa wuri, duk suka kife, ba ɗaya da ya buɗe baki. A dokar wasanmu wannan na nufin aljani ya shige shi.

Da wani ne da cewa zai yi, "Kash, an kama ni," a wuce. Amma Dogo ne. Ya yanke jiki ya faɗi a tabarma, ya shiga birgima yana kakkafe ido, yana wani gurnani da ban san a ina ya koyo ba. Bulus ya miƙe a kansa da takobin katako. Ni kuma abin ya ɗauke ni, na kwance jan ƙyallena na naɗa a ka, na durƙusa a gaban farantin yashi, na maƙale murya ta koma siririya kamar ta tsohuwa.

"Ba zan fita ba!" na ce da ƙarfi. "Na shiga jikinsa ke nan! Yarinyar nan kuwa tawa ce, na ɗaure ta, ko ubanta bai isa ya kwance ta ba!"

"Ka fita!" in ji Bulus. "Mu 'Yan Jan Ɗamara ne, ba mu da mata sai takobi!"

Daga baya Baffa ya ce ya yi sallama a zaure har ya gaji. Na yarda da shi. Ni dai abin da na sani shi ne haske ya shigo ɗakin, na ɗaga kai, na ga an yaye labule. Ga dattijo tsaye cikin farar riga, da carbi a hannu, hayaƙi yana fita ta gefen kunnuwansa. Ya dubi Dogo a ƙasa. Ya dubi wuri a watse. Ya dubi farantin yashi da ɗigo-ɗigon yatsuna. Ya dubi jan ƙyallen da ke kaina. A daidai lokacin baƙar kazar nan, wadda ta yi makonni ba ta ce uffan ba, ta fito daga bayan ƙofa ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallonsa.

"A'uzu billahi," ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa.

"Baffa, sannu da zuwa," na ce. Sai dai maƙogwarona bai gama dawowa ba, da muryar Sarkin Kufai gaisuwar ta fita. Na yi tari na gyara. "Bismillah, shigo, Baffa." (Shigo! Ya shigo ina?)

Bai motsa ba. "Me nake gani haka?"

A nan ne ya kamata in nutsu. Kalmomi sun fi dubu a Hausa, ina iya cewa tatsuniya, ina iya cewa wasan kwaikwayo muke gwadawa na 'yan makaranta. Amma bakina ya zaɓi nasa.

"Wasa ne, Baffa. Wasan aljanu ne."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san su wa ke wasan aljanu, ya san da garaya ake yi, ya san abin da ke hawa kan mutane in an yi. Ni ma na sani. Kafin kalmar ta gama fita na ji ta da kunnen Baffa, na so in kamo ta in mayar.

"Na sani," ya ce. "Ai su ma wasa suke ce masa."

"A'a, Baffa, ba irin wancan ba. Mu farautarsu muke yi, korarsu muke yi."

"Kowa ma haka yake cewa, taimako yake yi. A ina ka koyo?"

"A kudu, Baffa."

"To," ya ce. Ban taɓa jin "to" mai nauyin wannan ba.

Sai Bulus, Allah ya saka masa, ya ga abokinsa yana nutsewa ya ce bari ya kawo agaji. Ya rusuna da takobinsa a hannu. "Baba, ka kwantar da hankali, ba komai. Shi ne oga namu. Shi ne yana kawo aljanu ɗin, mu muna kashewa. Kowane Asabar muna yi. Gaskiya ya iya sosai, a Bauchi duka ba wanda ya kai shi."

Na yi masa kallon da ya kamata ya ƙone shi, bai gani ba. Dogo kuwa yana nan kwance, ya rufe ido, ko numfashin kirki ba ya yi. Da ya tashi ya kaɗe riga ya yi dariya, wataƙila da an samu sauƙi. Daga baya da na tambaye shi, sai ya ce ai ya gane muryar, akwai ɗinkin Baffa a shagonsa tun kafin azumi bai taɓa ba, in ya buɗe ido za a gane shi. Saboda haka a idon Baffa akwai mutum a sume a ɗakina, ba wanda ya damu ya yayyafa masa ruwa.

Duk da haka ina ganin da abin ya tsaya nan, da zai gyaru. Amma Baffa ya tako ciki, ya tsallake ƙafar Dogo, ya sunkuya a kan farantin. Na ga inda idonsa ya tsaya. Ya sa yatsu biyu ya zaro 'yar tsanar daga cikin yashi, ya kaɗe ta, ya matsa da ita bakin ƙofa inda haske yake. Leɓensa ya motsa yana karanta abin da ke ƙirjinta.

"Wannan fa?"

"Ita ce... wadda aka sace, Baffa."

"Wa ya ɗaure ta?"

"Ni ne. A'a, wato aljanin ne. Wato... ni ne aljanin."

Bai ƙara tambayata komai ba. Ya tsaya a nan yana warware zaren a hankali, zagaye bayan zagaye, yana karatu yana tofawa. Abin da ya fi kashe ni ke nan. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, tsoro na gani, tsoron dattijon da yake ganin ya iso a kan gaɓa don ya ceci 'yar ɗan'uwansa. Ya sa 'yar tsanar a aljihu, ya jefar da zaren a kasko, ya fita. Na bi shi har bakin layi ina "Baffa, Baffa", sai da na ga masu shaguna suna kallona sannan na tuna jan ƙyallen yana kaina.

Inna ta ji labari tun kafin ta sauka daga keke. Ta shigo ɗakin ta tsaya ta ƙare wa kayanmu kallo, irin kallon da mu ba mu taɓa yi musu ba. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Da na sani da na bar maka cacarka." Sannan ta kama kazarta ta fita.

Na yi ƙoƙari, kada ka ce ban yi ba. Kawuna ya raka ni wurin mahaifin Safiya, muka zauna a zaurensa ni da shi da Baffa Hammadu. Na yi bayani tun daga bautar ƙasa har akuya. Na ciro waya na nuna musu hoton Turawa zaune a tebur suna irin wasan. Aka ce in kwatanta yadda ake yi, na kwatanta, ƙato da ni a gaban surukai ina cewa, "Ga ku a bakin kogo, me za ku yi?" Ba wanda ya ce zai yi komai. Alhaji, mahaifin nata, ya saurare ni har ƙarshe, mutum ne mai adalci. Da na gama sai ya juya wajen kawuna.

"Malam, abu biyu ne. In abin da Hammadu ya gani shi ne gaskiya, ba ma ba boka 'ya. In kuma abin da yaron nan ya faɗa ne gaskiya, to ƙato da gemu ne yake wasan ƙasa da 'yar tsana yana tatsuniya da rana. Kai ka zaɓa min wanda zan ba wa a cikinsu."

Kawu ya sunkuyar da kai. A hanyar gida, da muka zo rabuwa, cewa kawai ya yi in gaishe da Inna.

Abin da ya fi wannan ciwo a cikin gidansu ya faru, kuma sai daga baya na ji. Safiya ta tsaya min. Ta ce ta san ni, ba zan yi haka ba, ita ni take so. Amma duk sanda ta ce tana so na, sai gwaggwanninta su kalli juna su ce, "Kun ji ko? Aikin ne." In ta yi kuka, aikin ne. In ta ƙi cin abinci, aikin ne bai sake ta ba. Aka yi ta ba ta rubutu tana sha, aka kira mai ruƙiya. Son da take min, wanda shi kaɗai ne abin da nake da shi, shi ya zama hujja a kaina. Da suka tambaye ta ko ta san abin da nake yi ranar Asabar, me za ta ce? Gaskiya ta faɗa. Ta ce na ce mata wani aiki ne da na koyo a kudu, wanda ba a faɗa wa kowa.

Maganarmu ta ƙarshe a bakin titi muka yi ta, a Tirwun, an tashi daga makaranta tana jiran keke. Ta rame. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu.

"Ni na yarda wasa ne," ta ce. "Tun ranar da aka nuna min 'yar tsanar na san kai ne da shiriritarka, boka ba zai yi rubutu mai kyau haka ba. Amma me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Tsoro na ji kada ki yi min dariya."

Ta kalle ni, kuma a karon farko tun da na san ta ba dariya ko kaɗan a idonta. "Da na yi maka mana. Da na yi maka dariya har ka gaji, in ba ƙawayena labari, in raɗa maka suna. Amma ranar da Baffa ya shigo da abin nan a aljihu, da ni zan fara fashewa da dariya a gabansu, in ce ai na sani, mahaukacin nawa ne. Da shi ke nan. Kai ka tura ni gabansu ba komai a hannuna."

Keke ya tsaya, ta shiga. Kafin zangon karatu ya ƙare ta bar makarantar, daga baya na ji an ɗaura mata aure da wani ma'aikacin lafiya. Mutumin kirki ne, an ce. Na so a ce ba na kirki ba ne, ko na samu abin riƙewa.

'Yan Jan Ɗamara ba su ƙara fita farauta ba. Bulus ya kwashe yashin ya kai wurin wani gini. Na jima ina jin haushinsa, na jima ina jin haushin Dogo, har akuya da kaza na ɗora wa laifi. Amma in na zauna ni kaɗai na san ba su ba ne. Ba ma Baffa ba ne, don ko ni na yaye labule na ga abin da ya gani, da gudu zan yi ba tsayawa warware zare ba.

Shekaru sun wuce kafin in sake neman aure. Ranar da na fara zuwa zance wurin wadda take ɗakina yanzu, ko ruwan da aka kawo min ban sha ba na ce mata akwai abin da ya kamata ta sani game da ni. Ta gyara zama, fuskarta ta nuna ta shirya jin mugun abu. Na faɗa mata komai, birnin, rundunar, muryar aljani, har na ɗan yi mata muryar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta share hawaye sai ta ce, "Shi ke nan? Na ɗauka wani abu ne."

Na yi dariya tare da ita, amma a hanyar komawa gida wannan "shi ke nan" ɗin ya yi ta dawo min. Ashe iyakar abin da na guda ke nan, dariyar da ba ta kai a sha kofin ruwa ba. Tun daga nan, duk abin da na san za a yi min dariya a kansa, da bakina nake fara kai kaina ƙara. Gara a ce maka wawa kana zaune ana dariya tare da kai, da a ce maka boka kana bin dattijo a layi da jan ƙyalle a ka.